Burodin Wanda Ya Yi Tafiya

Mama Remigia ta danna 'yar fuskar farar ƙasa cikin kwaɓin fulawar da babban yatsanta, ta ja da baya ta ƙare mata kallo, sannan ta yi tsaki.

"Gashin bakin nan ya yi yawa," in ji ta. "Sai da na gaya wa mai fentin, mijina direba ne, ba janar ba."

'Yarta Nélida ko murmushi ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin ƙofar gidan burodin dattijon da ake kira Tata Casiano, rigar aikinta ta asibiti a ƙarƙashin mayafi, rabin hankalinta a kan uwarta, rabi a kan titi. Ƙarfe bakwai na safe ne, ranar ɗaya ga Nuwamba, kuma da tsakar rana rayukan matattu za su sauko gidajensu kamar yadda suka saba kowace shekara. Mata sun cika zauren da farantan gashi, kowace da nata: tsanin burodi da rai zai taka ya sauko, doki da zai ɗaukar masa kaya in zai koma, sai kuma tantawawa, burodin da ake yi da siffar mamacin kansa. Na Remigia ya fi na kowa girma, don ya kai tsawon yaro ɗan shekara biyar. Ta naɗe masa hannuwa a ƙirji, ta jera masa maɓallan riga da busasshen inabi.

Matsalar guda ce. A takardar gwamnati, mijinta Zenón Chambi bai mutu ba.

Shekarar 2044 ba ta bar wa kowa hawayen ajiya ba. A watan Fabrairu aka harbe shugaban ƙasa yana cikin buɗe sabon layin dogo. Mataimakiyarsa ta yi rantsuwa, ta yi kwana arba'in da ɗaya a kujera, bam ya tashi da motarta a ƙofar majalisa. Daga nan aka bi alƙalin alƙalai, da gwamnoni biyu, da 'yan jarida, har mutane suka gaji da lissafi. Kowace jana'iza sai ta rikiɗe ta zama zanga-zanga, kowace zanga-zanga kuma ta haifi wasu jana'izun. Da sojoji suka karɓi mulki a watan Mayu, suka raɗa wa kansu suna Kwamitin Kwantar da Hankali, sai suka gano maganin abin: tunda jana'iza ce ke kawo fitina, to a daina mutuwa. Daga ranar, duk wanda aka harbe sai mota ta zo ta kwashe shi, bayan kwana uku takarda mai hatimi ta iso wa iyalinsa cewa ya yi tafiya. Wanda ya ce ba haka ba, an kama shi da laifin yaɗa ƙaryar mutuwa, shekara biyar a kurkuku. Mutanen garinsu, Villa Amparo, suka riƙa cewa, murya ƙasa-ƙasa, ƙasar ta koma tashar mota.

Zenón shi ne shugaban ƙungiyar direbobin ƙananan bas na garin, shi ya tsayar da motoci cak har kwana tara bayan juyin mulkin. Ranar sha biyu ga Yuni, ƙarfe goma na safe, mutum biyu a kan babur suka same shi a bakin kasuwa suka harbe shi. Remigia na rumfarta tana zuba wa wani kunun jar masara, taku ashirin tsakaninsu. Da ludayin a hannunta ta isa gare shi. A cinyarta ya cika, kuma daga cinyarta sojoji suka janye shi. Takardar da ta iso ta ce ya tsallaka iyaka, mutumin da ko ƙauyen da ke bayan tudu ba ya zuwa sai ta ƙulla masa abincin rana.

Bana Kwamiti ya ƙara da sabuwar doka: ba a gasa tantawawa sai da lambar takardar mutuwa. Shi ya sa Tata Casiano, mai tandar, yake bin farantai ɗaya bayan ɗaya da rajista a hannu. Shi ya riƙe Nélida ranar baftismarta, don haka kompadre da komadre suke ce wa juna shi da Remigia. Da ya iso kan farantinta ya ga gashin bakin, sai ya haɗiye yawu.

"Komadre, lamba."

"Rubuta huɗu."

"Huɗu kuma? Lambar ai doguwa ce."

"Harsashi biyu a ƙirji, ɗaya a wuya, ɗaya a hannun da ya ɗaga. Ita ce lambar da na sani."

Casiano ya matso kusa da kunnenta.

"Don girman Allah, komadre. Ke shekara biyar, ni kuma su liƙe min tanda. Baki goma sha ɗaya ke ci daga ƙofar tandar nan."

"Ka ga an kashe shi, ko ba ka gani ba?"

"Ni dai bana idona ya yi rauni."

"Idon kowa a garin nan ya yi rauni bana. Nélida, ku ba ku da likitan ido ne a asibitin? Annoba ta shigo, ba wanda ya sanar." Ta juyo ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba. "Buhun fulawarka aka rufa masa a fuska, kompadre. Kai ka rufa, da hannunka. Sunan gidan burodinka na jiki."

Casiano ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi rajistar, ya dubi ƙofa, ya sake duban farantin. Can ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya zura a aljihu.

"Af, ni ma da neman magana," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wannan ai doki ne. Doki ba ya bukatar lamba."

"Doki mai gashin baki!" in ji Mama Eduviges mai kifi daga bayan layi.

"Na wajen tafki haka suke, ke da ba kya fita gari."

Dariya ta ɓarke, irin wadda aka daɗe ana dannewa, har wata ta zauna a kan buhu tana share ido. Casiano ya ɗauki dogon shebur ɗin katako, ya tura farantin da kansa can tsakiyar tanda inda wuta ta fi daidai. Remigia ta san abin da ya saka a wuta ba burodi kaɗai ba ne. Amma ba ta zo nan don a mayar mata da miji doki ba.

"Ba doki ba ne," ta ce. "Zenón ne, kowa ya ji. Ko da yake a taurin kai ban san wanda ya fi wani ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, amma ba wanda ya ɗauki farantinsa ya fita.

Ƙarfe tara Remigia ta goyo burodin a zanenta mai ratsi-ratsi, ta gyara hularta, suka hau tudu zuwa gida. Ƙananan jiragen leƙen asirin Kwamiti, waɗanda yara ke kira ƙudaje, suna ta shawagi a saman layin. Remigia ko kallo ba su ishe ta ba. Ɗumin burodin na ratsa bayanta, rabonta da ɗumin wani a jikinta tun watan Yuni. Ta yi kewar mutumin nan, kewa mai ciwo, ta kuma ji haushinsa daidai da kewar. Sau nawa ta ce masa ya bar wa matasa shugabancin, ya ce da zarar an yi zaɓe zai sauka?

A ɗakin gaba ta haɗa teburin. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle, ta kafa rake huɗu a kusurwoyi, ta jingina tsanin, ta tsayar da doki. Ta jera lemu da abarba, da albasa mai dogon kara da rai ke ɗibar ruwan hanya a ciki. Ta kawo miyar gyaɗa, da naman rago da busasshen dankali, da ganyen koka da ake taunawa, da kwalbar giyar da ta yi shekara talatin da huɗu tana faɗa a kanta. Sannan ta tsayar da Zenón a tsakiya, yana fuskantar titi, ta je ta buɗe ƙofar gidan gaba ɗaya ta tokare ta da dutse.

Nélida ta bi bayanta ta ture dutsen da ƙafa.

"Mama, kin gasa, kin yi abin da kike so. Mu kai teburin ɗakin ciki mu rufe. In dai rai ne, zai gane hanya."

"Uban naki ne zai shigo ta bayan gida kamar ɓarawon kaji? Ta nan ya saba shigowa, da taɓo a takalmi."

"Za su zo, Mama."

"Shi ma zai zo. Wannan ce shekararsa ta farko. Ya sha wannan doguwar hanya, ya iso ya tarar da ƙofarsa a rufe, ya ɗauka mu ma mun yarda tafiya ya yi? Ya koma da yunwa yana kuka? Ban rufe masa ido ba, ban sa masa ƙasa ba, ban san ramin da suka jefa shi ba. Wannan ɗin kaɗai ya rage min, shi ma in yi shi a ɓoye?"

"Ni ma ubana ne!" Muryar Nélida ta karye. Ta sassauta, ta zauna a bakin benci. "Kin san me nake rubutawa in an kawo waɗanda aka harbe asibiti? Ana kawo su jiki sanyi ƙalau, ni kuma in rubuta an sallame shi. Mutum goma sha bakwai na sallama bana, Mama. Na yi shiru ne don in tsira da ke. In suka tafi da ke, shirun nawa ya zama na me?"

Remigia ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi 'yarta, ta ga yadda ta zube, ta ga furfura biyu a gaban kanta tana 'yar shekara talatin. Ta matsa ta dafa mata kai.

"Tashi ki tafi aiki, 'yata. In an tambaye ki, ki ce tsohuwar ta zare tun watan Yuni, ba kya ma kwana a gidan. Ba zan ji haushi ba, shi ma ba zai ji ba."

Ta sunkuya ta mayar da dutsen mazauninsa. Nélida ta daɗe zaune tana kallon ƙasa. Daga baya ta miƙe, ta cire rigar asibitin ta rataye a ƙusa, ta dubi teburin.

"Kin manta barkono," ta ce. "Ba ya shan miyar gyaɗa ba barkono."

Sha biyu daidai ƙararrawar coci ta buga. Remigia ta kunna kyandir biyu. Harshen wutar ya kwanta gefe guda ya sake miƙewa, ta ce, "To, ka iso. Sannu da hanya. Zauna ka ci, faɗan sai gobe."

A tsallaken titi maƙwabta sun yi cirko-cirko, kowa na yi kamar wani abu ya fito nema. Ranar rayuka ba a wuce buɗaɗɗiyar ƙofa, ana shiga a yi wa mamaci addu'a a karɓi burodi, amma wannan ƙofar shekara biyar ke rataye a kanta. Wanda ya fara tsallakowa Tata Melchor ne, tsohon da ke bin gidaje da buhunsa kowace shekara, kunnensa ya yi nauyi har labarin juyin mulkin ma sai a watan Agusta ya same shi. Ya cire hula ya durƙusa.

"Don ran wa zan yi, Mama?"

"Zenón Chambi."

"Wa?"

"Zenón Chambi!"

Har tsallaken titi aka ji. Tsohon ya ambaci sunan, ya karanto addu'o'insa uku, ya rufe da "Allah ya karɓi addu'a," uwa da 'ya suka amsa. Nélida ta zuba masa burodi da lemu a buhu. Bayansa Mama Eduviges ta shigo tana ƙarnin kifi, sai direbobi biyu, sai Casiano da fulawa har gira. Kafin ƙarfe ɗaya ɗakin ya cika, wasu na tsaye a waje.

A lokacin ne motar ta tsaya, farar a-kori-kura mai hatimin Kwamiti a ƙofa. Jami'in da ya fito daga gaba sunansa Bustillos, ɗan babban birni ne da aka turo ya kula da lardin, mai siririn takalmin da bai san tudu ba. A bayansa akwai wani sajan mai faɗin kafaɗa, an rubuta Huanca a ƙirjinsa kusa da 'yar kyamarar da duk sojan Kwamiti ke maƙalawa, da wasu sojoji biyu da suka tsaya a ƙofa. Mutane suka dare. Remigia ta dafa gefen tebur.

"Ke ce matar Zenón Chambi?" in ji Bustillos.

"Ni ce wadda ya mutu ya bari."

"Mijinki na raye, baiwar Allah. Muna da shaidar ya tsallaka iyaka ranar sha biyu ga Yuni."

"Kai, madalla! To kira min shi a waya, ranka ya daɗe. Ya bar min tsofaffin tayoyi shida a tsakar gida, in ji ko in sayar."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Bustillos bai ji daɗi ba. Ya nuna tsakiyar teburin da alƙalami.

"Wannan mene ne?"

"Doki ne," in ji Casiano daga lungu.

"Bar shi, kompadre, ka yi naka." Remigia ta saki teburin ta tsaya da ƙafafunta. "Mijina ne. An harbe shi a bakin kasuwa ina kallo, ya mutu a cinyata. Yau ya zo cin abinci gidansa. In kana jin yunwa kai ma zauna, miyar da yawa."

"Kin faɗa da bakinki, a gaban shaidu. Sajan, ɗauko min abin nan, shi ne hujja. Ita ma a tafi da ita."

Sajan Huanca ya yi taku biyu ya tsaya. Ya dubi kyandir, ya dubi tsanin, ya dubi fuskar mai gashin baki. Duk wanda ya ga yadda ya tsaya ya san a gaban irin wannan tebur ya girma.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "ba a ɗaukar abu daga teburin rai haka kawai."

"Kamar yaya?"

"Sai an yi addu'a tukuna. Abincin mai shi ne, yana zaune."

"Burodi ne, sajan! Fulawa ce da ruwa!"

Bustillos ya ture shi ya miƙa hannu da kansa. Ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi lokaci guda. Mama Eduviges ta ce, kamar da kanta take magana, "Ɗauka mana. Wani ɗan sanda ya taɓa yi a ƙauyenmu. Rai ya bi shi har gida, ya yi wata uku duk abin da ya sa a baki ɗanɗanon ƙasa yake." Hannun Bustillos ya tsaya a iska. Mutum ne mai digiri biyu, ba ya yarda da irin waɗannan maganganu, amma shi ma wata kaka ce ta goya shi. Ya janye hannun ya gyara wuyan riga da shi.

"Taɓa hujja ba aikina ba ne," ya ce. "Yi abin da za ka yi, sajan, ka yi sauri. Minti ɗaya na ba ka."

Da ya san yadda ake fara addu'ar, da ya gwammace ya ci ƙasar wata ukun. Sajan Huanca ya miƙa wa na bayansa bindigarsa, ya cire hula, ya durƙusa a kan gwiwa biyu a gaban teburin. Ya ɗago ya dubi Remigia, ya yi tambayar da ba a tsallake ta.

"Don ran wa zan yi, Mama?"

Remigia ta dube shi. Yaro ne, bai fi sa'an Nélida ba, zufa na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin tudu. Ya san abin da yake tambaya, ya san kyamarar da ke ƙirjinsa na aika komai hedikwata. Ta ji tausayinsa, amma ba ta rage ko harafi ba.

"Zenón Chambi Laura, direba, wanda aka kashe ranar sha biyu ga Yuni."

"Sajan!" in ji Bustillos.

"Don ran marigayi Zenón Chambi Laura," in ji sajan, da muryar da aka koya masa a fareti. Ya karanto addu'ar farko. Bustillos ya ce ya isa, ya sake cewa ya isa, amma ba a katse mai addu'a, kuma sojojin biyu na bakin ƙofa sun riga sun cire huluna su ma. Sajan ya yi ta biyu, ya yi ta uku, bai haɗiye kalma ko ɗaya ba.

"Allah ya karɓi addu'a."

"Allah ya karɓa!" Daga ɗakin har titi aka amsa.

Remigia ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Wata biyar tana faɗa ana kawar da kai, yau ga bakin gwamnati ya faɗa, a durƙushe. Ta sa hannu biyu ta ɗauko Zenón daga tsakiyar teburin ta miƙa wa sajan.

"Ka yi addu'a, naka ne. Nélida, ƙara masa lemu."

Fuskar Bustillos ta yi fari fat. Ya ce sajan zai yi bayani a bariki, ya ce duk wanda ke ɗakin an ɗauki hotonsa, ya ce a fito da matar. Remigia ta ɗauki mayafinta mai kauri, ta daidaita hula a madubin bango ba tare da gaggawa ba. Nélida ta riƙe mata hannu gam.

"Kada ki biyo ni," in ji Remigia. "Baƙo na gida, sai gobe da rana zai koma. A ɗumama masa miya da yamma."

"Zan ɗumama."

"Kada kyandir ya mutu."

"Mama, na sani. Je ki." Nélida ta saki hannun, ta juya wajen mutanen da ke tsaye, ta share fuska da bayan hannu. "Wa ke biye? A matso, akwai burodi."

A waje wata matsalar ta taso. Bustillos ya ce ba za a sa masa abin nan a gaban mota kusa da shi ba. A ƙasan bayan motar kuma ba zai kai bariki ba tare da ya karye ba, hanyar duk duwatsu ce. Sajan ya taimaka wa Remigia ta hau ta zauna a kan tayar safaya, ya tsaya yana juya burodin a hannu, sannan ya miƙa mata.

"Riƙe, Mama. Hujja ce, kada ta lalace."

Ta karɓa ta zaunar da shi a cinyarta, fuskarsa na kallon waje.

Hanyar bariki guda ce, ta bakin kasuwa take bi, kuma ranar rayuka kasuwar Villa Amparo cika take maƙil da masu sayen furannin kaiwa maƙabarta. Motar ta gangaro cikin jama'a tana oda. Mace ta farko da ta ga abin da ke cinyar Remigia ta saki baki, ta yi alamar gicciye. Wani dattijo ya cire hula. Na kusa da shi ya cire. Abin ya riƙa tafiya gaban motar, huluna na sauka tun kafin ta iso. Wata mai furanni ta jefo dami guda na rawaya, ya faɗo a ƙafar sajan, bai taɓa shi ba, bai kuma jefar ba.

A tashar da ke bakin kasuwa wani direba ya leƙo ta taga, ya gane gashin bakin. Ya sauke fasinjojinsa, ya kunna fitilu da rana tsaka, ya bi bayan motar. Bas ta biyu ta biyo shi, sai ta uku. Remigia ta waiga ta ga layin ƙananan bas ya miƙe har kwanar coci, fitilu a kunne, ba mai oda, ba mai ihu. Bustillos ma ya gani a madubi. Ta ji yana daka wa direbansa tsawa, motar ta fara fizga tana neman kutsawa.

Tsoron barikin na nan a cikinta, bai je ko'ina ba. Ta gyara wa Zenón zama, ta kakkaɓe masa ƙurar da ta sauka a goshi. Sannan ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa rufin motar, sau uku, yadda fasinja ke yi.

"Rage gudu, ɗana," ta ce. "Gawa ka ɗauko."